Yunwa A Gidan Mai Sayar Da Abinci

Akwai abin da na daɗe ina jin kunyar faɗa a gaban jama'a. Yanzu da furfura ta rufe kaina, na ga ya kamata in rubuta shi domin 'yan'uwana mata cikin Almasihu, musamman waɗanda aiki ya yi musu yawa ga kuma ƙananan yara. Ni mai sayar da abinci ce. Shekaru da yawa na ciyar da matafiya a bakin ruwan Makango, duk da haka ɗana na cikina ya kusa mutuwa da ciwon yunwa a gindin tukunyata.

A Bawku aka haife ni. Mu ba Hausawa ba ne da asali, amma da Hausa muka tashi, da ita muke ciniki a kasuwa, da ita kuma na fara karanta Littafi Mai Tsarki. Maigidana mai bishara ne. Mun fara zama a Yendi, daga baya, bayan rikicin 1994 ya lafa, aka aike mu Makango. Ga wanda bai san wurin ba, Makango ƙaramin gari ne a bakin Tafkin Volta, kudu da Salaga. Tafkin ya samu ne bayan da aka gama madatsar ruwan Akosombo a 1965. Wanda ya taso daga Kumasi ta hanyar Yeji, sai ya shiga jirgin fito ya haye zuwa Makango, sa'an nan ya kama hanyar Salaga. Salaga ɗin nan ita ce babbar kasuwar ƙasar Gwanja, inda fataken Kano da na sauran biranen Hausa suke zuwa sayen goro a zamanin da. Har yau jikokinsu suna nan a zango.

Albashin mai bishara bai isa riƙe gida ba, sai na kafa tebur a bakin fito. Ina tashi tun ƙarfe huɗu na asuba, in dama koko, in toya ƙosai. Kafin tsakar rana na ɗora wake da shinkafa. In jirgi ya iso, ba na ko iya ɗaga kai saboda ciniki. Ban da wannan ga taron Zumuntar Mata, ga koyon waƙa, ga baƙi da ba sa yankewa a gidan mai bishara. Ina ganin kaina mace mai himma, mutane ma haka suke faɗa, ni kuwa ina jin daɗin ji.

Ɗana na uku yana da shekara ɗaya da wata biyu na gane ina da wani ciki. Nan da nan na yaye shi, gama haka na ga ana yi. Na danƙa shi a hannun yayarsa, yarinya 'yar shekara bakwai. Da safe nakan zuba masa kofi ɗaya na kokon da nake sayarwa, mai ruwa-ruwa, da sukari. In ya yi kuka, sai in miƙa masa biskit ko bakin burodi. Da dare kuma ya sa hannu a kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share tuwon. Sau da yawa ma barci ya ɗauke shi kafin in sauke tukunya. A raina ina cewa yaron nan ai hannunsa ba ya rabuwa da abin ci, yaya za a yi ya ji yunwa?

Bayan 'yan watanni kumatunsa suka cika, ƙafafunsa suka yi luhu-luhu. Masu sayen koko suna yi mini barka, wai yaro ya yi ƙiba. Amma sai gashinsa ya yi ja, ya yi laushi yana zuba. Ya daina tafiyar da ya fara. Ba ya wasa, ba ya dariya, sai wani siririn kuka mara ƙarfi. Ga kuma gudawa tana zuwa tana tafiya. Waɗansu mata suka ce kwanika ce, ya sha nonon ciki. Waɗansu suka ce baki ne, tun da cinikina ya fi na kowa. Muka yi ta addu'a a gida da majami'a, har maigidana ya yi azumi.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyar teburina, Bahaushiya Musulma, ita ce magajiyar matan da ke ciniki a bakin ruwa. Wata rana da yamma ta ɗauki yaron ta zaunar a cinyarta, ta danna bayan ƙafarsa da babban yatsanta, ta ɗan jima, sa'an nan ta ɗaga. Wurin ya lotsa, bai taso ba.

Ta ce, "'Yata, zo ki gani. Wannan ruwa ne, ba ƙiba ba. Gobe da sassafe ki kai shi asibitin Salaga."

Na ce, "Mma, gobe ranar ciniki ce, ga ƙullu na riga na jiƙa."

Ta dube ni ta ce, "Jirgi zai sāke zuwa jibi. Ƙullunki ni zan dama miki."

Washegari muka shiga motar farko. A asibiti wata nas ta auna shi, ta duba katinsa na awo, ta ga tun da na yaye shi ban ƙara kai shi awo ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Maman yaro, faɗa mini abin da ya ci jiya, tun daga safe har ya kwanta." Na fara lissafi da yatsuna. Koko. Biskit. Koko kuma. Bakin burodi. Loma biyu na tuwo. Da na kai yatsa na biyar sai muryata ta shaƙe, gama da kunnena na ji abin da idona bai gani ba duk watannin nan.

Ta ɗauko kofin shayi ta ajiye a gabana. Ta ce cikin yaro ɗan shekara ɗaya bai wuce cin kofin nan ba. Idan na cika shi da koko mai ruwa, yaro ya ƙoshi, amma jikinsa bai sami kome ba. Babban mutum yana iya cin tuwo mai yawa sau biyu ya wuni lafiya. Ƙaramin yaro ba shi da wurin zuba wannan, ga shi kuwa yana girma, yana bukatar abin gina jiki. Saboda haka dole ya ci sau uku ko huɗu a rana, a kuma ba shi ɗan wani abu sau ɗaya ko biyu a tsakani, ban da nono. Ta ce kuma nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da ke kayar da yaro shi ne a cire shi daga nono farat ɗaya, ba a sa wani abu mai ƙarfi a madadinsa ba.

Sunan ciwon kwashoko, wani irin tamowa ne. Daga baya na sami labarin cewa a ƙasarmu ta Ghana aka fara bayyana shi ga likitocin duniya. Wata likita, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a asibitin yara na Akra, ta rubuta a kansa a 1933, a 1935 kuma ta kira shi da sunan da mutanen Ga suke kiransa. Ma'anar sunan kuwa, ciwon da yaro yake kamuwa da shi in ƙane ya ture shi daga nono. Da na ji haka na ce lalle kamar da ɗana aka raɗa sunan.

Muka yi mako uku a asibiti. Da farko madara ta musamman suke ba shi, kaɗan-kaɗan, dare da rana. A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata mai banda kifi, ta zo daga wani ƙauyen masunta da yarinyarta. Ciwonsu ɗaya da ɗana, sai dai ta makara wajen kawo ta. A dare na huɗu yarinyar ta rasu. Uwar nan kwando-kwando take aika kifi kasuwa, amma ba ta taɓa ba 'yarta ba, wai ƙaya za ta maƙale mata. Har yau ina ganin fuskarta lokacin da take ɗaure gawar a bayanta.

A daren ne maigidana ya buɗe Markus sura 5, ya karanta mini labarin 'yar Yayirus. Na san labarin tun ina yarinya a makarantar Lahadi, amma ban taɓa lura da ayar ƙarshe ba. Bayan Ubangiji Yesu ya ta da yarinyar daga mutuwa, kowa yana cikin mamaki, shi kuwa sai ya umarci iyayenta su ba ta abinci. Wanda ya komo da rai yana da ikon cika ciki ma, amma ya bar wannan a hannun iyaye. Na yi kuka ƙwarai. Mun roƙi Allah ya yi nasa, mu kuwa ba mu yi namu ba. Ban ce a daina addu'a ba, gama na gaskata Ubangiji ne ya aiko tsohuwar nan da babban yatsanta. Amma amsar addu'armu tana kan teburina tun farko, ina sayar da ita ga baƙi.

Da muka komo gida, aikina bai ragu ba, jirgi bai daina zuwa ba, ga ciki ya tsufa. Ba ni da lokacin dafa wa yaro tukunya dabam sau biyar. Sai na nemi dabara, da taimakon nas ɗin nan da magajiya. Ga abin da na koya, wanda na yi wa sauran 'ya'yana, yanzu kuma nake yi wa jikokina.

Abu na farko, aikin ranar Asabar. Nakan auna masara kwano huɗu, da kwano ɗaya na wake da gyaɗa a haɗe. In tsince su sarai, in soya kowanne dabam a busasshiyar tukunya har ya yi ƙamshi, in kai inji a niƙa tare. Wannan shi ne garin da ma'aikatan lafiya suke kira Weanimix, wanda Ma'aikatar Lafiya ta Ghana da UNICEF suka fara koya wa mata a 1987. Gero ko dawa ma suna yi a maimakon masara. In an zuba shi a gwangwani mai murfi ba ya lalacewa da wuri. Cikin 'yan mintoci an dama, a kan wutar da nake toya ƙosai. A dama shi da kauri, yadda in an karkata cokali ba zai tsiyaye ba, a ɗiga masa ɗan man gyaɗa ko man ja.

A ranar kuma nakan sayi ƙananan kifayen nan na tafki, busassu, in ɗan gasa su, in daka da ƙashinsu duka har su zama gari, in tankaɗe. Ba sauran maganar ƙaya, ƙashin ma yana ƙarfafa na yaro. Cokali ɗaya a cikin kunu, ko a kan doya, ko a miyar kuka. Haka nake yi da busasshen zogale da ƙuli-ƙuli. Gwangwanaye huɗu ke nan a ƙarƙashin teburina, su ne dukiyar yaron.

Abu na biyu, kwanon yaro. Magajiya ce ta kawo mini wani ƙaramin kwanon sha mai murfi, ta ce, "Kafin ki sayar wa kowa, ki fara sallamar wannan. Shi ne mai cinikinki na farko." Daga ranar, ƙosai biyu na fari nasa ne, in marmasa masa. In na sauke wake, na ɗibi nasa kafin in sa barkono, in murƙushe da cokali da ɗan mai. Ranar da aka yi tubani, nasa yana ciki. Yaro ƙarami ya ci a kwanonsa shi kaɗai, domin uwa ta ga abin da ya ci da abin da ya rage. Kada kuma a ajiye masa a tafi. Wani ya zauna da shi, ya lallashe shi, gama yaro ba ya sauri, abu kaɗan ne yake ɗauke masa hankali. Dafaffen abu kuwa kada ya wuni a kwano cikin zafin nan namu. Abin da aka dafa da safe a ci da safe.

Abu na uku, abin da ba ya bukatar wuta ko kaɗan. Ayaba tana zuwa da murfinta. Gwanda nunanniya, a yanka ƙanana. Mangwaro a lokacinsa, lemo a cire 'ya'yan. A Bawku muna yara mun sha kaɗanya da garin ɗorawa da farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba mu san alherin da Allah yake yi mana ba. In ana dafa doya ko dankali, a jefa ɗaya domin yaro, dankali mai jan ciki ya fi. Abubuwan nan masu launin ja da rawaya, da ganyaye, da man ja, suna ɗauke da bitamin A. Kada a raina shi. A Navrongo, can wajenmu a arewa, an yi babban bincike wanda aka buga sakamakonsa a 1993. Aka ga cewa a cikin yaran da aka ba bitamin A, mutuwa ta ragu da kashi 19 cikin ɗari. Shi ya sa ake ɗiga wa yara shi a baki a wurin awo. Uwa kada ta bar zuwa awo don an gama allurar rigakafi, kamar yadda na yi.

Akwai kuma abin da za a kiyaye. Kada a ba ƙaramin yaro gyaɗa ɗai-ɗai ko gutsuren ƙuli-ƙuli mai tauri, yana iya shaƙewa. A daka, ko a ba shi tunkuza a cikin kunu. Ya ci a zaune, a gaban babba. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, ko take da ɗaci, a zubar, gama tana da dafin da ke cutar hanta, wuta ma ba ta kashe shi. Kada a ba jariri zuma kafin ya cika shekara. A rage sukari da gishiri. A wanke hannu da sabulu, na uwa da na yaro. Ruwan sha kuma ya zama mai tsabta. Mu da muka ga zamanin kurkunu mun san abin da ruwan kududdufi yake yi. Mun gode wa Allah an tabbatar da Ghana ta rabu da kurkunu a 2015, amma gudawa tana nan. In kuwa ƙafafun yaro sun kumbura, ko ya rame ƙwarai, wannan ya wuce gwangwanin gida, a kai shi asibiti a ranar.

Sai maganar ƙwai, wadda ta jawo mana 'yar gardama a gida. Muna da zabi, amma ƙwansu na sayarwa ne da na baƙi. A wurinmu an ce yaron da ya saba cin ƙwai ɓarawo zai zama. Maigidana, duk da wa'azinsa, wannan magana tana ransa. Na ce masa, "Baban yara, a wace sura aka rubuta wannan?" Ya yi shiru, sa'an nan ya yi dariya. Tun daga nan shi da kansa yake dafa ƙwai ya ɓare wa yaron. Bayan na haihu, shi ne ya ɗauki ciyarwar yamma gaba ɗaya. Yakan zaunar da yaron a ƙafarsa a ƙofar gida, mutane suna wucewa suna kallon mai bishara da cokali a hannu. Waɗansu maza sun yi masa ba'a, amma ba a daɗe ba na ga biyu daga cikin dattawan ikilisiya suna yin haka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya ku maza, idan matanku suna kasuwa ko gona tun asuba, cikin yaron nan bai san aikin mace da na namiji ba.

A majami'a ma mun gyara wani abu. Sujadarmu takan kai awa uku ko fiye. Yara ƙanana suna kuka, muna tsawata musu, muna cewa Shaiɗan ne yake hana jin Magana. Ashe yawancinsu tun safe ba su sa kome a baki ba, don iyaye suna gaggawa kada su makara. Zumuntar Mata ta shirya, kowace Lahadi mata biyu su kawo kunu mai kauri ko ayaba ko dafaffen dankali, a ba ƙananan a gindin bishiya kafin wa'azi. Kukan ya ragu ƙwarai. Mukan kuma yi suyar garin nan tare sau ɗaya a wata, kowa ta kawo abin da take da shi. Maƙwabtanmu Musulmi suka shigo ciki, magajiya ce ma take auna mana kwano.

Yau abin ya sāke kama. A kowane kanti akwai biskit iri-iri, da alewa, da ruwan zaƙi a leda da roba, da taliyar nan da ake dafawa cikin minti biyu. Ina ganin matasan iyaye suna saya wa 'ya'yansu, suna ganin gata ne. Ban zarge su ba, na san gajiya, na san yadda kukan yaro yake a tsakiyar ciniki. Amma kuɗin ruwan zaƙi ɗaya ya isa sayen ƙwai ko ayaba. Zaƙin nan yana toshe cikin yaro ya ƙi abincin kirki, ya kuma ɓata masa haƙora. Kuskurena ne dai na dā, aka sa masa leda mai kyau.

Ɗana ya rayu. Yanzu magidanci ne, yana da 'ya'yansa. Amma shi ne mafi gajarta a cikin 'yan'uwansa, duk sa'ad da suka tsaya tare ina gani, ina kuma tunawa. Na roƙi gafarar Ubangiji, na gaskata ya gafarta mini. Na faɗa wa ɗan nawa labarin duka a ranar da matarsa ta haihu. Magajiya ta daɗe da rasuwa. Kwanon nan nata mai murfi, duk ya lotse, shi na ba surukata.

'Yar'uwa mai karatu, yau da dare bayan kin gama aiki, ki yi wa kanki tambayar da nas ta yi mini. Ki lissafta da yatsunki abin da ƙaraminki ya ci tun safe. In lissafin bai yi miki daɗi ba, kada ki karai, Asabar tana zuwa, masara da wake da gyaɗa suna kasuwa. Ubangiji wanda ya ba mu yaran nan amana ya ba mu hikima da ƙarfin kiwonsu. Amin.